Idan kamfanin jirgin sama ya ɓatar da jakarka: wa zai biya, nawa za a biya, kuma zuwa yaushe?

Tambayar da ke tasowa duk lokacin da alhazai suka fara dawowa daga Saudiyya, ko 'yan kasuwa suka sauka daga Dubai da Guangzhou, ita ce: idan matafiyi ya miƙa jakarsa aka auna, aka liƙa mata lamba, aka ba shi shaida, sannan ya isa inda za shi bai gan ta ba, wane ne zai biya shi, nawa za a biya shi, kuma har zuwa yaushe yake da damar nema? Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a. Wasu na ganin babu abin da za a samu, don haka gara mutum ya ce ƙaddara ce ya kama hanyar gida. Wasu kuma na ɗauka cewa duk abin da suka lissafa wa kamfani dole ne ya biya, ko da miliyan nawa ne. Duka biyun ba haka doka ta ce ba. Haƙƙin yana nan a rubuce, amma yana da iyaka, kuma an ɗaure shi da wa'adi da takarda, waɗanda su ne abubuwa biyun da mutanenmu suka fi sakaci da su.

Jinkiri daban, lalacewa daban, ɓata daban

A bakinmu, da zarar jaka ba ta fito ba sai a ce ta ɓata. A wurin doka kuwa akwai yanayi uku, kuma kowanne da hukuncinsa. Idan jaka ba ta zo tare da mai ita ba amma ana sa ran za ta biyo baya, wannan jinkiri ne. Idan ta zo amma ta fashe, ko an yanka ta an zare wani abu, ko ruwa ya jiƙa abin da ke ciki, wannan lalacewa ce. Ba a kiran ta ɓatacciya sai ɗayan abu biyu ya faru: ko dai kamfanin ya amsa da kansa cewa ta ɓata, ko kuma kwana 21 sun cika daga ranar da ya kamata ta iso ba ta iso ba. Wannan ga tafiyar ƙasa da ƙasa ke nan. A zirga-zirgar cikin gida a Najeriya, kwana 7 ne ake ba kamfani ya nemo jakar.

Bambancin yana da muhimmanci domin abin da mutum zai nema ya danganta da yanayin da yake ciki. Wanda jakarsa ta yi jinkiri yana neman kuɗin da rashin jakar ya tilasta masa kashewa ne, kamar sutura da sabulu da buroshi da sauran abubuwan da ba a kwana ba su. Wanda tasa ta lalace yana neman gyara ko madadi. Wanda tasa ta ɓata kuwa yana neman darajar jakar da abin da ke cikinta.

Yadda jaka ke rabuwa da mai ita

Kamfanin SITA, wanda ke kula da na'urorin bibiyar kaya na yawancin kamfanonin jiragen duniya, ya bayar da rahoton cewa a shekarar 2024 jakunkuna miliyan 33.4 ne suka samu tangarɗa, wato kimanin jaka 6.3 a kan kowane fasinja dubu. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan adadi jinkiri ne kawai, waɗanda suka ɓata ko aka sace kuma kashi 8 ne cikin ɗari. Babban wurin da matsala ke aukuwa shi ne wurin sauya jirgi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mai tashi daga Kano ko Abuja zuwa Sin ko Turai sau da yawa ba ya tafiya a miƙe. Sai ya yada zango a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Istanbul. Idan jirgin farko ya makara, fasinja na iya rugawa da ƙafarsa ya riski na biyu, amma jakarsa sai an sauke ta, an tantance ta, an tura ta wani ɓangaren filin.

Akwai kuma barin kaya da gangan. Idan nauyi ya yi wa jirgi yawa, musamman ƙananan jiragen cikin gida ko a lokacin cunkoso, kamfani kan sauke wasu jakunkuna ya ce za su biyo jirgi na gaba, kuma sau da yawa fasinja ba ya sani sai ya sauka. Sai kuma lambar da ke yagewa, da jakunkuna masu kama ɗaya da wani ke ɗauka bisa kuskure, da jakar bakko mai laushi da ke maƙalewa a cikin injin tura kaya, abin da ya sa kamfanin jiragen Habasha ya daina karɓar irinta daga Najeriya a ƙarshen 2023 sai an saka ta a kwali ko wani mazubi mai tauri.

Dokar da ke bayan lamarin

Tun a 1929 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Warso na ƙasar Poland domin fayyace alhakin kamfanonin jirage. A ƙarƙashinta da nauyi ake biyan diyyar kaya, abin da aka saba lissafawa kimanin dala 20 kan kowane kilo, ta yadda jaka mai kilo 23 ba za ta wuce dala 460 ba ko da me ke cikinta. An yi hakan ne a zamanin da sufurin sama yake jariri, gwamnatoci na tsoron kada ƙararraki su kashe shi.

A ranar 28 ga Mayu, 1999, aka sanya hannu kan sabuwar yarjejeniya a birnin Montreal na Kanada, ta kuma fara aiki a ranar 4 ga Nuwamba, 2003. Najeriya na cikinta, haka ma Saudiyya, Masar, Habasha, Turkiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Ƙatar da Sin, wato kusan duk inda matafiyanmu suka fi dosa. Dokar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta 2006 ce ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa, ta kuma shimfiɗa ta da 'yan gyare-gyare a kan tafiye-tafiyen cikin gida, sannan dokar 2022 da ta maye gurbinta ta ci gaba a kan haka. Wani abin lura shi ne, idan tikitinka na zuwa da dawowa ne, ka tashi daga Najeriya kuma nan za ka komo, yarjejeniyar ta rufe tafiyarka ko da ƙasar da ka ziyarta ba ta sa hannu a kanta ba.

Abin da ya fi ƙarfi a cikin wannan yarjejeniya, a ganina, shi ne yadda ta ɗora alhaki. Game da jakar da aka auna aka miƙa, fasinja ba ya buƙatar ya tabbatar da cewa kamfani ya yi sakaci. Ya isa ya nuna cewa ya miƙa jakar kuma ta ɓata ko ta lalace tana hannunsu. Ba hujja ba ce kamfani ya ce ai laifin masu lodin kaya ne, ko na ma'aikatan wani filin jirgi a wata ƙasa, domin da shi ka ƙulla ciniki kuma shi ya karɓi amanar. Inda yake da mafita shi ne idan lalacewar ta samo asali ne daga aibin jakar kanta ko yanayin abin da ke ciki, kamar tsohuwar jakar da aka cusa wa kaya har zif ya balle, ko kwalbar man ja da ta fashe ta ɓata tufafi. A batun jinkiri kuma kamfani na iya kuɓuta idan ya tabbatar da cewa ya yi duk abin da hankali zai ɗauka domin kauce wa ɓarnar. Jakar hannu hukuncinta daban ne: tunda tana tare da kai, ba a biya sai ka nuna laifin kamfani ko na ma'aikatansa.

Nawa ake biya?

A nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Yarjejeniyar ba ta ambaci dala ko naira ba; ta yi amfani da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda darajarsa ke fitowa daga haɗakar kuɗaɗe biyar: dalar Amurka, yuro, yuwan na Sin, yen na Japan da fam na Ingila. An fara da iyakar SDR 1,000 ga kowane fasinja. Hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO, tana duba adadin duk bayan shekara biyar saboda hauhawar farashi, don haka ya tashi zuwa 1,131 a ƙarshen 2009, zuwa 1,288 a ƙarshen 2019, sannan zuwa 1,519 daga ranar 28 ga Disamba, 2024. Wannan na ƙarshe ya kai kimanin dala 2,000, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. Har yanzu akan ga tsohon adadin a wasu takardu, don haka ya kamata mai nema ya san cewa an sabunta shi. A tafiyar cikin gida a Najeriya iyakar ita ce dala 1,000, ko kwatankwacinta a naira.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe game da wannan adadi. Na farko, na fasinja ne, ba na jaka ba. Wanda ya auna jaka uku duka suka ɓata, iyakarsa ɗaya ce da ta wanda ya rasa guda. Na biyu, rufi ne, ba kuɗin da ake miƙa wa kowa ba. Wanda abin da ya rasa bai wuce dala 300 ba, dala 300 zai nema. Wanda ya rasa na dala 8,000 kuwa ba zai wuce rufin ba. Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da wannan fassara a 2020, kamar yadda tun a 2010 ta yanke cewa ɓacin rai da damuwar da mutum ya shiga su ma a cikin rufin suke, ba a ƙara su a kansa. Hukuncin wannan kotu ba ya ɗaure alƙalan Najeriya, amma nassin da ake fassarawa ɗaya ne. Yarjejeniyar ta kuma hana diyyar horo, wato kuɗin da ake cin kamfani tara domin ya ji a jikinsa.

Hanya biyu ce kaɗai ake tsallake rufin. Ɗaya ita ce fasinja ya bayyana darajar kayansa a wurin awo tun kafin tashi, a rubuta, ya biya ƙarin kuɗi idan an nema. Daga nan kamfani ya ɗauki alhakin adadin da aka rubuta, sai fa idan ya tabbatar da cewa kayan ba su kai haka ba. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan dama, kuma ban taɓa jin ma'aikacin awo ya tuna wa fasinja da ita ba. Ɗayar hanyar ita ce a tabbatar a gaban kotu cewa kamfanin ko ma'aikatansa, a bakin aikinsu, sun yi ɓarnar da gangan, ko sun yi gangancin da suka san zai iya jawo ta. Wannan hujja ce mai wuyar kafawa ga wanda bai ga abin da ya faru a bayan fage ba.

Ban da wannan duka, ƙa'idojin kare haƙƙin fasinja na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, waɗanda ke Sashe na 19 na dokokinta na 2023, sun tanadi wani kuɗi na biyan buƙatun gaggawa ga wanda jakarsa ba ta zo tare da shi ba: naira 10,000 a tafiyar cikin gida, dala 170 a ta ƙasashen waje. Naira 10,000 a yau ba ta ɗinka riga da wando, wannan gaskiya ce, amma haƙƙi ne, kuma hukumar da kanta ta sha gargaɗin kamfanonin da ke ƙin biyan sa suna fakewa da cewa fasinjoji ba su tambaya ba.

Sa'ar farko a filin jirgi

Na taɓa zuwa tarbar gwaggona da ta dawo daga Umara. Jirginsu ya sauka da dare, mutane suna ta fitowa da amalanken kaya, ita shiru. Da ta fito, jakar hannu ce kawai a kafaɗarta da gorar zamzam. Ta ce bel ɗin da ke fito da kaya ya yi ta zagayawa har ya tsaya, sai wata jaka ɗaya mai yagaggen hannu da ta rage a kai, ba tata ba. Wani ma'aikaci ya ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri, ki ba ni lambar wayarki, in sha Allah gobe za ta biyo jirgi, za mu kira ki.” Ya rubuta lambar a bayan wata takarda ya sa a aljihu. Na ce, “Gwaggo, ya ba ki wata takarda?” Ta ce, “Wace takarda kuma, ɗan nan? Yaron kirki ne, har kujera ya ba ni na zauna.” Na tambaye ta ƴar sitikar da aka liƙa mata a Jidda, muka duba, sai ga ta manne a bayan fasfo, saura kaɗan ta ɓanɓare ta tun a jirgi don ta ga ta ɓata mata bango. Da wannan sitika muka roƙi a bar ta ta koma ciki, aka cika mata fom.

Fom ɗin shi ake kira PIR, rahoton tangarɗar kaya, kuma shi ne tubalin da duk wata nema za ta hau kansa. Ana cika shi ne a teburin kaya na kamfanin ko na wakilinsa, kafin a fita daga zauren ɗaukar kaya. A ciki ana rubuta lambar sitikar jaka, launinta, girmanta, irin ƙirarta, wasu fitattun abubuwa da ke ciki, da adireshin da za a kai ta. Idan kamfanin yana amfani da tsarin bibiya na duniya da ake kira WorldTracer, za a ba fasinja wata lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar: haruffa ukun farko na filin jirgin ne, kamar KAN na Kano ko ABV na Abuja, biyun da ke biye na kamfanin ne. Da wannan lamba mutum zai iya duba inda aka kwana ta intanet, kuma da ita na'ura ke haɗa bayanin jakarsa da na jakunkunan da aka tsinta babu masu su a wasu filayen.

Ban ga laifin gwaggona ba. Tarbiyyarmu ce idan aka ba mutum haƙuri cikin ladabi ya karɓa, kuma nacewa sai an rubuta kan yi kama da rashin yarda da wanda ya mutunta ka. Amma ma'aikacin da ya karɓi lambar waya gobe yana iya zama yana hutu, ko an sauya masa wurin aiki, kuma ofishin da zai yanke shawarar biyan diyya yana iya kasancewa a wata ƙasa, a hannun mutumin da bai san komai ba sai abin da ke cikin kwamfuta. Neman takarda ba ya rage tawakkali, kuma ba cin fuska ba ne ga kowa. Yarjejeniyar ma ta ce wanda ya karɓi jakarsa ya tafi bai yi ƙorafi ba, ana ɗauka lafiya ya same ta har sai ya kawo hujjar akasin haka. Don haka wanda ya ga an yanka jakarsa, a nan take ya kamata ya nuna, ya ɗauki hoto, a rubuta.

Wa'adin da ke kashe haƙƙi

Cika PIR sanarwa ce cewa an samu matsala. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar sa a matsayin neman diyya. Dole ne a biyo shi da rubutaccen ƙorafi, ta imel ko ta shafin kamfanin ko da wasiƙar da za a buga wa hatimin karɓa. A tafiyar ƙasa da ƙasa, idan lalacewa ce ko an zare wani abu, kwana 7 ne kacal daga ranar da aka karɓi jakar. Idan jinkiri ne, kwana 21 ne daga ranar da aka miƙa wa mutum jakarsa. Wanda ya bari waɗannan ranaku suka wuce ya rasa damar kai ƙara, sai dai in kamfanin ne ya yaudare shi. Game da jakar da ta ɓata ɗungurungum, yarjejeniyar ba ta gindaya irin wannan gajeren wa'adi ba, amma hikima ita ce a rubuta da zarar kwana 21 sun cika. A kan dukkansu kuma akwai babban wa'adi na shekara 2 daga ranar isowa, wanda bayansa kotu ba za ta saurari ƙarar ba, kuma musayar wasiƙu da alkawuran “muna kan bincike” ba sa tsayar da wannan ƙidaya.

Idan tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu ko uku a kan tikiti ɗaya, a al'ada wurin na ƙarshe ake kai rahoto, amma doka ta ba fasinja damar bin na farko, ko na ƙarshe, ko wanda abin ya faru a hannunsa, kuma alhakin yana kansu gaba ɗaya. Wanda ya sayi tikiti daban-daban don neman sauƙi kuwa, kowane kamfani zangonsa kaɗai ya sani.

Inda ake ja-in-ja

Yawancin rigima a kan darajar kaya take. Kamfani zai ce a kawo jerin abin da ke cikin jakar, da ranar saye, da rasit. Zai kuma rage kuɗin tsufa, domin a wurinsa shaddar da aka ɗinka shekara biyu da suka wuce ba ta kai sabuwa ba. Hujjarsu ita ce ba su ga cikin jakar ba, kuma da za su biya duk abin da aka faɗa, da kowace jakar da ta ɓata ta zama cike da gwal. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma masu ƙara gishiri a lissafi suna cutar da masu gaskiya. Sai dai a ɗaya ɓangaren, tsarin rasit an gina shi ne a kan irin cinikin da ba namu ba. Wanda ya yanki yadi a Kantin Kwari, ya kai wa tela, ya biya mai aikin wuya, ya sayi hula a hannun mai talla, ina zai samo rasit? Mafita ita ce duk wata shaida mai ma'ana: hoton kayan a shimfiɗe kafin a rufe jaka, saƙon banki na kuɗin da aka tura wa mai shago, nauyin jakar da ke rubuce a jikin sitika, har da hoton mutum sanye da tufafin a wani biki. Rashin rasit yana raunana nema, amma ba ya soke ta.

Sai batun kaya masu tsada. Kusan kowane kamfani ya rubuta a sharuɗɗansa cewa ba ya ɗaukar alhakin kuɗi, gwal, waya, kwamfuta, magani da muhimman takardu idan aka saka su a jakar awo. Masana shari'a da dama na ganin cewa a tafiyar ƙasa da ƙasa wannan sharaɗi ba ya tsayuwa, domin sashe na 26 na yarjejeniyar ya soke duk wata ƙa'idar da ke sauke wa kamfani alhaki ko ke rage iyakar da aka sa, kuma ma'aikatar sufuri ta Amurka ta ɗauki wannan matsayi tun a 2009. Duk da haka kamfani na iya kafa hujja da cewa sakacin fasinja ya taimaka wajen asarar, kuma ko an ci nasara, rufin dala 2,000 ɗin nan yana nan. Sarƙar gwal ɗaya ta amarya tana iya ninka shi. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: abin da rashinsa zai karya ka, ko maganin da ba ka iya kwana ba shi, a jakar hannu yake tafiya.

Ya kamata kuma a kula da tayin farko. Wasu kamfanoni kan ba da takardar rangwamen tikiti maimakon kuɗi, ko su miƙa wani ɗan adadi tare da takardar da ke cewa an sasanta gaba ɗaya. Fasinja yana da damar ƙin karɓar rangwame ya nemi kuɗi, kuma kada ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba ko ba a fassara masa ba.

'Yan kasuwa, masu ɗaukar saƙo da alhazai

Ɗan kasuwar da ya cika jakunkunansa na awo da wayoyi ko lesuka ko turare na dala dubu goma yana ɗaukar kasadar da doka ba za ta rufe masa ba, sai in ya bayyana darajar kayan ko ya yi musu inshora. Idan kuma ta kago ya aika su, wato jigilar kaya zalla, da takardar jigilar kaya, hukuncin ya sauya: ana lissafi ne da kilo, SDR 26 kan kowane kilo tun daga ƙarshen 2024, wa'adin ƙorafin lalacewa kuma kwana 14 ne. Kaya marasa nauyi masu tsada su suka fi cutuwa a wannan lissafi.

Al'adarmu ta ba da saƙo ita ma tana da nata sarƙaƙiyar. Idan maƙwabci ya ba ka kaya ka kai wa ɗansa da ke karatu a Alƙahira, jakar ta ɓata, shi ba fasinja ba ne, ba shi da ciniki da kamfanin; kai ne za ka nema, kuma kayansa da naka a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Iyalin da suka yi tafiya tare kuwa kowannensu fasinja ne mai nasa rufin, don haka ya fi kyau a raba jakunkuna a kan sunayensu a wurin awo maimakon a jibga su duka a kan sunan maigida, domin hakan na rage gardama daga baya.

Alhazai kan auna manyan jakunkunansu kwanaki kafin tashi, ta hannun jami'an hukumar alhazai ta jiha da wakilan kamfanin jirgi, kuma wani lokaci kayan ba sa tafiya a jirgi ɗaya da masu su. Saboda haka shaidar awo ita ce komai, kuma rahoto ya kamata ya tafi wuri biyu: ga kamfanin da ya yi jigilar, da kuma hukumar alhazai ta jiha, wadda ke da hanyar isar da shi ga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ta ƙulla yarjejeniyar jigilar.

Idan kamfani ya yi shiru

Matakin farko bayan kamfani shi ne NCAA. Tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jiragen ƙasar, kuma a 2024 ta buɗe shafin intanet na karɓar ƙorafi. Ba a biyan ko sisi, kuma ikonta ya shafi kamfanonin waje da ke sauka a Najeriya kamar yadda ya shafi na gida. Abin da za a haɗa mata shi ne kwafin tikiti, katin shiga jirgi, sitikar jaka, PIR, jerin kaya da farashinsu, da duk wasiƙun da aka yi musaya, a jere bisa kwanan wata. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ma tana karɓar ƙorafe-ƙorafe a kan kamfanonin jirage.

Idan duk wannan bai yi ba, sai kotu. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya al'amuran sufurin sama a ƙarƙashin Babbar Kotun Tarayya. Yarjejeniyar ta ba mai ƙara zaɓin wurare: ƙasar da kamfanin yake da rajista ko hedikwata, wurin da yake da ofishin da aka sayi tikitin ta hannunsa, ko inda tafiyar ta ƙare. Ga wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa daga Kano, inda tafiyar ta ƙare Najeriya ce, don haka ba sai ya bi kamfani ƙasarsu ba. Ana mayar da SDR zuwa naira ne bisa darajarsa a ranar yanke hukunci, ba ranar da jakar ta ɓata ba, abin da ke kare mai ƙara daga faɗuwar naira idan shari'a ta yi tsawo. Kafin a shigar da ƙara dai ya kamata a zauna da lauya a auna kuɗin shari'a da abin da rufin zai iya bayarwa, a kuma ƙirga watannin da suka rage a cikin shekara biyun.